Yaron Da Muka Sayar Ta Taga

Poiana Mierlei, Romaniya
Ƙarshen watan Oktoba

Zuwa ga Yaya Doina,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ta ƙanwar da ta daɗe ba ta sa yayarta a ido ba. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da tsohuwar da kike jinya a can Italiya. Allah ya ƙara miki haƙurin zama da ita, ya kiyaye miki bayanki da wannan ɗagawa da kwantarwa, ya sa 'ya'yanta su riƙa tunawa ke ma kina da uwa a wani wuri. Mu nan muna nan da rai da lafiya gwargwado. Gwiwoyin Mama sun soma ba ta labarin sanyi tun kafin ya sauko daga kan duwatsu. Mijina Toader yana daji tare da masu saran katako, sai ƙarshen mako muke ganinsa, ya dawo da warin ƙaro da yunwar mutum uku. Mun haƙe dankali, ya yi kyau bana, tuffa kuwa tsutsa ta riga mu. Aladen da kika ce kada a yanka sai kin zo Kirsimeti ya yi ƙiba har ba ya tashi in na kai masa abinci, a kwance yake karɓa kamar wani babban ma'aikaci. Kayan da kika aiko da direban bas sun iso lafiya. Takalmin ya yi wa Mama daidai, shi ya sa ta kulle shi a akwati, wai sai ranar babban biki.

Yaya, ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu. Kin lura muryata ba daidai take ba a waya kwanakin nan, kin tambaye ni na ce gajiya ce. Ba gajiya ba ce. Na kasa faɗa ne saboda duk kiran da za ki yi Mama na zaune a gefena, kuma kunnenta da ba ya jin kiran abinci yana jin raɗa sarai. Abin da ya faru shi ne, hukuma ta zo gidan nan da ɗan sanda, a kan wai ni Zamfira na sayar da ɗana. Ga shi na rubuta da hannuna, ina kallon rubutun, har yanzu kaina ya ƙi ɗauka. Ki karanta har ƙarshe kafin ki ɗauki waya, don in kin kira ni a tsakiya kuka kawai za mu yi wa juna.

Kin san tun bayan Ista ƙafafun ɗan nawa Lupu suka daina ɗaukarsa. Da yana dafa gwiwa ya miƙe, ya bi bango, yanzu wannan ma ta wuce, sai keken guragu. Ɗaga shi ake yi zuwa bayi, a ɗaga shi zuwa gado, a juya shi in gefe ɗaya ya gaji. Bakinsa dai yana nan da ƙarfinsa, ga wata sabuwar ɗabi'a da ya tsiro da ita ta yar da cokali a tsakiyar cin abinci, kullum sai na yi masa faɗa. Motar wasan da kika aiko masa a cinyarsa take wuni, ko tura ta ba ya yi, na ce tsabar so ne. Saboda shi na bar kamfanin ɗinki, don Mama ko tukunyar miya da ƙyar take saukewa, ballantana yaro ɗan shekara takwas. Likitarsa ta birni ce ta ce mu nemi a sa shi a mataki mafi tsanani na naƙasa. In yaro ya sami wannan, hukuma kan ɗauki uwarsa aikin jinyarsa, ta riƙa biyanta albashi ta zauna da shi a gida. Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma in babu shi dole in koma gaban keken ɗinki, ko in biyo ki in goge tsohuwar wasu, shi kuma a kai shi gidan da hukuma ke ajiye irinsu. Na yi ta sintiri har na haɗa duk takardun asibiti. Abu biyu suka rage, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta zo ta ga gida, sannan mu tsaya gaban kwamiti a birni.

A nan sai na koma baya zuwa maganar tagar nan, wadda na san har yau da sauran haushinta a ranki. Ke kika riƙe shi ranar baftisma, ke kika zaɓa masa suna Serafim, sai kawai kika ji a waya an daina kiransa da shi. Ba kya nan lokacin, kuma ban taɓa ba ki labarin dalla-dalla ba. Yana shekara huɗu, ranar da muka dawo daga asibiti aka gaya mana irin ciwon Ilarie ne, ƙanenki yayana, mai cinye ƙarfin jiki sannu a hankali, Mama ko hawaye ba ta yi ba. Ta ce ita ta san inda ta yi sake. Surukarta ta taɓa ce mata ta sayar da Ilarie ta taga kamar yadda mutanen da ke yi, ta ƙi, wai ita 'yar zamani ce, ga shi ta binne shi. Wannan karon ba za a maimaita ba. Washegari ta kira maƙwabciyarmu Goggo Safta, wadda ta haifi bakwai kuma duk bakwai ɗin suna raye suna cinye mata tuwo. Goggo ta tsaya a waje ta ƙwanƙwasa taga, ta tambaya ko akwai yaron sayarwa. Na ce akwai, ban yi sa'arsa ba, kamar yadda Mama ta koya mini. Na miƙa shi ta taga, ta ba ni ƙwandala ɗaya, ta zagaya da shi ta shigo ta ƙofa, ta ce ga nata yaron, sunansa Lupu, wato kyarkeci, mu riƙe mata shi. Ta haka in cutar ta zo tana cigiyar Serafim, sai a ce mata an sayar da shi, wanda ke nan kyarkeci ne, ta taɓa ta gani. Ban ce na yarda ba, ban ce ban yarda ba. A ranar ko cewa aka yi in miƙa shi ta bututun hayaƙi zan miƙa. Tun daga nan sunan bai sake fitowa daga bakin kowa a gidan nan ba. A ofis da asibiti yatsa nake ɗorawa a kan takarda in nuna shi.

To, ranar da ma'aikaciyar ta zo ba na gida. Na tafi birni karɓar maganinsa, na bar shi a gidan Goggo Safta saboda samarinta na iya ɗaga shi. Tsohuwar ma'aikaciyar da ta san mu ta san iyayenmu ta yi ritaya, sai aka turo sabuwa, wata Malama Oana, yarinya 'yar birni, siririya, fara fat, cikin baƙar kwat, ba wanda ya taɓa ganinta a ƙauyen. Ta tsaya a bakin ƙofar shinge ta tambayi Mama ko nan ne gidan su Serafim. Yaya, ki sa kanki a wurin Mama. Shekara da shekaru tana jiran ranar da cutar za ta zo a siffar baƙuwa, ta tsaya a ƙofa ta kira wannan suna. Ta yi alamar gicciye, ta tofa yawu gefe, ta ce babu mai wannan suna a nan, an sayar da shi tuntuni. Yarinyar ta ce an yi me? Mama ta ce sayarwa, ko kurma ce ita, ta je ta nemi wani gidan, ta rufe ƙofa ta sa sakata. Da na dawo da yamma na tarar da ita tana tuƙa tuwon masara tana waƙa, abin da na manta rabon da in gani. Ta ce mini wadda muke jira ta zo, ta sallame ta, kuma ba za ta dawo ba. Ni kuwa da ma'aikaciya ce kaɗai nake jira a duniya, na ce Allah mun gode, an wuce wannan matakin. Har cukwi na ƙara wa kowa a tuwo don murna.

Abin da ban sani ba, yarinyar ba ta tafi ba. Ta leƙa gidan gaba don ta tambayi maƙwabta, sai ga yaro a keken guragu a barandar Goggo Safta. Kin san bakin Goggo, in ta sami sabon kunne ba ta sakinsa sai ta cika shi. Ta zaunar da ita, ta kawo kofi da gurasa, ta ce ƙwarai kuwa, ita ta saye shi, da kuɗinta, lakadan, ta taga aka miƙo mata shi, duk layin nan shaida ne. Wai kuma ta yi arha, don ko ɗan akuya ya fi shi tsada, ta kama dariya tana dukan cinya. Da ta ga ana rubuta maganarta sai ta ƙara gishiri, wai uwar ce da bakinta ta ce ba ta yi sa'arsa ba, ita kuwa hannunta na da albarka, in da wani na sayarwa ma a kawo. Aka tambayi yaron sunansa, ya ce Lupu. Aka ce ina mamarsa, ya ce wacce, ta farko ko wadda ta saye shi? Aka ce a ina yake kwana, ya ce wani lokaci nan wani lokaci can, ya danganta da wadda ta dafa abin da ya fi daɗi. Suka rabu lafiya lau, har Goggo ta cusa mata ƙwai a jaka.

Kafin mako ya zagayo, ina tsakar gida ina yanka kabeji ina zubawa a ganga, hannuna duk gishiri, mota ta tsaya a ƙofa. Mutum biyu ne daga hukumar kare yara, mace da namiji, da Nelu ɗan sandan ƙauyenmu a bayansu yana kallon takalminsa. Matar ta karanta mini abin da ya kawo su, muryarta ko rawa ba ta yi. An dakatar da neman da na yi, ana zargina da sayar da yaro mai naƙasa, kuma kafin a gama bincike za a kai shi gidan yara a birni. Yaya, na ji kalmomin ɗaya bayan ɗaya amma sun ƙi haɗuwa su zama magana a kaina. Na tsaya da wuƙa a hannu har sai da Nelu ya matso a hankali ya ce, Zamfira, ajiye wannan tukuna, kada su rubuta ita ma. Na ce wa na sayar wa? Aka ce wata Safta. Sai na fashe da dariya, wata irin dariya da ban san ina da ita ba, daga nan na zauna daɓas cikin ganyen kabeji. Mama ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, fuskarta ta koma kalar toka. Lupu kuma yana ciki yana kallonmu ta taga, wannan tagar dai.

Nelu ne ya yi ta ba su baki. Ya ce shi kansa an sayar da shi ta taga yana jariri, rabin mazan ƙauyen nan an sayar da su, in kamawa za a yi sai a je a kawo babbar mota. Namijin ya ɗan murmusa, matar ba ta murmusa ba. Ta ce abin da ya riga ya shiga rubutu sai an warware shi a gaban kwamiti, daga bakin waɗanda suka faɗe shi. Suka shiga suka ga gadonsa da magungunansa, da katakon da Toader ya shimfiɗa a kan matakala saboda keke, sannan suka yarda su bar shi a hannuna zuwa ranar zaman, Nelu ya tsaya mini. Amma kafin matar ta shiga mota ta faɗa mini ƙiri-ƙiri, in kakar ta maimaita abin da ta ce, a ranar ba da shi zan koma gida ba.

Da Toader ya dawo ya ji, ya yi ta faɗa har kaji suka watse. Ya tsallaka gidan Goggo Safta, ya tarar ta rufe fuska da gefen zane tana rusa kuka, wai ita ta ɗauka irin mutanen nan ne masu yawo suna tattara al'adun da don a sa a rediyo, shi ya sa ma ta gyara zance. Ya dawo ya rasa wanda zai sauke wa faɗan, sai ya ɗauki gatari ya faskara itacen da zai kai mu ƙarshen sanyi. Mama ce matsalar. Na ce mata, Mama, mota ce ta kawo yarinyar nan, albashi take ci, 'yar mutane ce kamar ni. Ta ce ta sani, ta ga motar, ita ba mahaukaciya ba ce, amma wa ya gaya mini cuta ba ta aron bakin mutum? Duk wanda ya zo da wannan suna amsarsa ɗaya ce. Na ce to za su ɗauke shi. Ta ce in sun ɗauke shi yana da rai a wani wuri, ita ta taɓa wanke ɗanta ta sa masa kayan coci a cikin akwatin gawa, ni ban taɓa ba, kada in koya mata. Na faɗa mata maganganu marasa daɗi, ta mayar mini da waɗanda suka fi su. Muka yi kwanaki muna cin abinci a tebur ɗaya ba mai ce wa wata ko sannu. Na ji tsoro, Yaya, irin wanda ko a asibiti ban taɓa ji ba. Har ranar ta zo ban san abin da za ta ce ba.

Ranar zaman babban ɗan Goggo Safta ya kwashe mu a motarsa. Goggo ta sha kayan coci da ɗankwali mai furanni, Mama ta fito da takalmin da kika aiko, ta zauna a gaba. A barandar ofishin iyaye mata ne jere a kan benci, kowace da nata yaron da jakar takardunta. Can na hango Malama Oana. Na nufe ta da niyyar in wanke ta tas a gaban jama'a, sai ta riga ni magana. Ta ce a garin da ta fara aiki wani uba ya taɓa ce mata cikin raha ya sayar da 'yarsa, kowa ya yi dariya, ita ma ta yi dariya ba ta rubuta ba, kuma har yau ba a san ƙasar da yarinyar take ba. Tun daga ranar ta yi wa kanta alkawari duk abin da kunnenta ya ji hannunta zai rubuta. Idonta ya ciko tana faɗa. Na tsaya da fushina a baki na rasa inda zan zuba shi. Abin da kawai na iya ce mata shi ne, ai da ta tambayi ko nawa aka saye shi, da ta gane. Ta ce ta tambaya, aka ce mata bai kai kuɗin ɗan akuya ba, wannan ne ma ya fi tayar mata da hankali.

Aka kira mu ciki. Dogon tebur ne, mutane a jere a bayansa, shugabansu wani dattijon likita mai tabarau a ƙarshen hanci, da gani ya gaji da duniya. Goggo Safta aka fara saurara. Ta rantse, ta jero sunayen 'ya'yanta bakwai da na jikokinta, ta ce ita ko kazar wani ba ta taɓa riƙewa ba, wannan ciniki kuwa na yaudarar cuta ne kawai, in yaudarar cuta laifi ne to likitoci su fara shiga kurkuku. Likitan ya ce ta zauna haka nan kafin ta saye kwamitin. Sannan ya juya wurin Mama. Ya ce Inna, bakinta ne ya buɗe wannan magana, bakinta zai rufe ta. Ya nuna yaron, ya ce ta gaya musu wannan wane ne, ɗan wa ne, a wane gida yake, kuma sunan da ke takardar haihuwa yake so ya ji. Mama ta ciro hankici daga aljihu. Ta kwance ƙullinsa, ta ajiye ƙwandalar nan a kan tebur. Ashe duk shekarun nan ƙwandalar na bayan hoton Maryamu da ke ɗakinta. Ta ce ga kuɗin, ba a taɓa kashe su ba, in kamu ne a kama ta, ita ta kitsa komai. Likitan ya ce ba ya son kuɗinta, kuma ba ya son kama kowa, suna yake so.

Ta dubi yaron, ta dube ni, sannan ta dubi tagar ofishin da ke buɗe. Ta tambaya ko za a iya rufe ta. Wani a teburin ya soma dariya, likitan ya watsa masa ido, ya tashi da kansa ya rufe tagar har ya ja labule. Mama ta buɗe baki ta faɗa, amma a hankali sosai, mai rubutawa ta ce ba ta ji ba, a maimaita. Na ce a raina shi ke nan, ba za ta iya sau biyu ba. Sai ta dafa tebur ta ce Serafim ne, ɗan Zamfira da Toader, jikanta, a gidanta yake kwana a gidanta yake tashi, ba a taɓa sayar da shi ba sai da baki. Na manta yadda sunan yake a kunne, sai na gan ki a coci kina riƙe da shi cikin farin tawul yana tsala ihu.

Tana gamawa ta juya wurin yaron. Ta matsa ta tsaya tsakaninsa da ƙofa, ta baza hannu, tsohuwar da ko tukunya ba ta iya saukewa. Sai yaron ya taɓa gefen rigarta. A gaban mutanen nan duka, da muryar da yake neman ƙarin tuwo da ita, ya ce, “Kaka, daina jin tsoro, ai ta daɗe da gano ni. Tun ina aji ɗaya ta shigo ƙafafuna, yanzu ma ta soma hawa hannuna. Na yi shiru ne don na ga kina jin daɗi kin ɓoye ni.” Yaya, maganar hannun nan ko ni ban sani ba. Nan take na tuna cokalin da nake yi masa faɗa a kai, na tuna motarki da ba ya turawa. Ɗana ya yi watanni yana shan faɗa a kan cokali, ya gwammace in ce ba ya jin magana da ya gaya mini. Likitan ya cire tabaransa yana gogewa, ya daɗe yana gogewa. Mama ta durƙusa a kan gwiwoyin nan nata, ta ɗora kai a cinyarsa, shi kuma ya yi ƙoƙari ya ɗaga hannu ya shafa mata ɗankwali, na ga irin wuyar da ya sha kafin hannun ya kai.

A nan take aka soke zargin. An sa shi a matakin da muka nema, daga wata mai zuwa ni ce ma'aikaciyar jinyarsa, kuma na dawo gida da ɗana. Da za mu fita likitan ya ƙara da cewa ba sai mun riƙa zuwa sabuntawa kowace shekara kamar sauran ba, takardar za ta yi aiki har ya cika shekara goma sha takwas. Goggo Safta ta tafa, wai an raga mana wahalar mota. Ni da Mama muka dubi juna. Kin san abin da ya sa ba sa wahalar da irinmu, kin kuma san Ilarie bai ga sha takwas ba. Abin da na yi ta roƙon Allah ke nan tun Ista, ga shi an ba ni a hannu, na fito da shi na rasa ko godiya zan yi ko kuka. A mota Lupu ne kaɗai ke surutu, yana son a tsaya a saya masa tsiren nama tunda ya ci jarrabawa.

Washegari Mama ta ɗauki ƙwandalar ta je bakin shinge, ta ƙwala wa Goggo Safta kira, ta ce ta zo sayen jikanta. Goggo ta ce ai kaya ya yi tsada yanzu, an san abin da ya ci mata na gurasa kuwa? Sai kuma ta karɓa, ta zagayo ta sa wa yaron a aljihu. Ta taga dai ba a mayar da shi ba, ya yi nauyi, ta ƙofa ya fita ta ƙofa ya shigo a kan kekensa. Na tambaye shi da wane suna yake so a kira shi yanzu. Ya ce a makaranta a bar masa Lupu don yara na shakkarsa, a gida kuwa yana son nasa. Mama tana gwadawa. Sunan yana maƙale mata a wuya, wani lokaci sai ta waiwaya ta duba ƙofa, amma tana faɗa. Mun koma magana da ita, ita ke ba shi abinci a baki yanzu, ba mai yi wa kowa faɗan cokali.

Mama tana gaishe ki, ta ce ki riƙa rufe wuyanki. Toader yana gaishe ki, Goggo Safta ma, wai ki kawo mata kofi mai kyau ta wanke baƙin ciki. Ki gaishe mini da Viorel ɗan Kawu da matarsa Lenuta in kun haɗu a coci, ki gai da tsohuwarki ko da ba za ta san daga ina ba. Roƙo ɗaya nake yi miki. Bara kin ce Kirsimeti, ba su sake ki ba, kika ce sai baɗi. Bana kada ki ce sai baɗi, ko da za su sallame ki. Yaron ya ce yana so ya ji sunan daga bakin wadda ta ba shi, kuma yana so ya rungume ki da kansa. Ki zo tun yana iya ɗaga hannun. Rubutun da za ki gani a ƙasan nawa, mai karkacewa, nasa ne. Ya daɗe a kansa, kuma ya ƙi in riƙe masa alƙalami.

Ƙanwarki mai kewarki kullum,
Zamfira

Serafim